A Faranti Muka Haɗa

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka Mma ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye sai ta kama dole. A unguwarmu ta Maamobi gidaje da yawa sun bar wannan kunyar tuntuni, ƙawayena har kwanciya suke yi a cinyar uwayensu suna latsa waya. Mu dai Kaka, wato mahaifiyar Mma, ta riƙe abin yadda ta same shi wajen tata uwar. In Mma tana son in ɗebo ruwa, sai ta dubi bango ta ce, "Randar nan ta yi ƙasa." In na kawo takardar sakamako daga makaranta, Kaka nake miƙa wa, ita ta kai ɗaki, can sai in jiyo Mma ta ce, "To, madalla," da irin muryar da ake cewa a janyo ƙofa. Ban taɓa jin zafin haka ba. Na ɗauka kowace uwa da irin hanyar da sonta ke bi, tawa ta wajen Kaka yake biyowa.

Koko da ƙosai Mma take sayarwa a bakin titi, kusa da inda turoturo, wato ƙananan bas na haya, ke sauke mutane. Tun ina ƙarama ƙanshin da ke tashina shi ne na gasara mai tsami da citta da kanumfari. Kayan yajin kuma daga teburin Kaka suke zuwa, don ita a kasuwar Nima take zama, gabanta ƙananan kwanduna na kimba da masoro da bagaruwa da saiwoyin da ban san sunan rabinsu ba. Mata suna zuwa wajenta su tsuguna, su yi ƙasa da murya, su tashi da ƙulli a bakin mayafi.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba kowa aikin bincike. Malamar da ke duba nawa, wata doguwar mace mai ƙarancin dariya, ta ba ni aiki a kan ƙwayar cutar da ke kawo wa mata ƙaiƙayi da farin ruwa, abin da a gida ake haɗa shi da wasu cututtuka a kira su duka sanyi. Ƙwayar dangin yis ce, irin wanda ake sa wa burodi, kuma tana zaune a jikin mutum lafiya lau sai in ta samu dama. Akwai wani kafso da ake haɗiya dominta, kowane kemis yana da shi. To an fara samun wadda kafson ba ya taɓa ta. Aikina shi ne in gwada ko in an haɗa maganin da abin da aka tatso daga wasu tsirrai, zai dawo da ƙarfinsa.

Da na gaya wa Kaka ina neman kanumfari da bagaruwa da tafarnuwa don makaranta, sai ta ajiye mafici ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Shekara nawa ana biya miki boko, ashe teburina za ki dawo."

"Gwadawa za mu yi, tsohuwa, mu ga ko gaskiya kike gaya wa mutane."

"Wa za ku ba?"

"Ba kowa. A faranti ake yi."

"Faranti ne ba shi da lafiya?"

Matar da ke sayar da daddawa kusa da ita ta yi dariya har da tafa cinya. Daga ranar nan, sunana a bakin Kaka ya zama likitar faranti. Ta zaɓo mini kanumfari ɗaya bayan ɗaya, masu kai, ta ce kada in kai wa masu farin kaya ragowar buhu su raina ta.

Na so aikin nan ƙwarai. Ɗakin gwajin yana da sanyi da shiru, abin da ban taɓa samu a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu ba. Ana zuba wa ƙwayar abinci a wani ɗan faranti mai murfi, abincin ya daskare kamar romon ƙafar sa da ya kwana. Sai a shafa ƙwayar a kai, a ɗora 'yan takardu ƙanana kamar ƙwayar wake, wata an jiƙa ta da magani, wata da ruwan tsiro, wata da duka biyun. A sa a cikin akwati mai ɗumin jikin mutum. In ka dawo, ƙwayar ta rufe farantin fari fat, sai dai inda wani abu ya hana ta, nan za ka ga da'ira wayam kewaye da takardar. Faɗin da'irar muke aunawa. Ruwan kanumfarin ma ba jiƙa shi kawai ake yi ba. Sai an daka, an tsuma, an tace, an busar, sannan a auna ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba a narka shi a ruwa mai yawa.

Makonni ina samun faranti fari babu komai. Wata safiyar Alhamis na buɗe akwatin, na ɗaga faranti sama wajen taga. Takardar magani shi kaɗai, ƙwayar ta hau har kanta. Ta kanumfari shi kaɗai, ɗan siririn zobe. Wadda aka haɗa kuwa, da'ira ce mai faɗi, tas, haske yana ratsa ta kamar wata a daren sha huɗu. Na daɗe a tsaye. Na tuna hannun Kaka yana tsince kanumfari, sai na ji kamar ni ce na zaunar da ita da malamata a tabarma ɗaya. Malamar ta zo ta duba, ta auna da kanta, ta ce in sake sau uku kafin in yi murna. Na ce to, amma na riga na yi.

Asabar na sauka a Nima kafin in ƙarasa gida. An yi ruwa da safe, lungunan kasuwa duk caɓi, na ɗage siket na nufi teburin Kaka.

"Tsohuwa, kanumfarinki ya ci jarrabawa."

"Da ke kika yi zaton zai faɗi?"

Na zauna a kan buhun bagaruwa na ba ta labari. Na ce akwai sanyin da ya gagari kafson asibiti, amma da muka haɗa kafson da kanumfari, ya mutu. Haka na faɗa, ya mutu. Kaka ba ta yi mini ba'a ba wannan karon. Ta gyara zama, ta kori ƙuda daga kan kimba, ta ce akwai wata mata a layinmu da ta sha kafson nan har ta gaji, abin ya tafi kwana biyu ya dawo.

"Irinsa ke nan muke aiki a kai," na ce.

"Yaya kuke haɗawa?"

"A faranti. Kaɗan na wannan, kaɗan na wancan."

"Sai a bar shi ya kwana?"

"Ya kwana a wuri mai ɗumi. Da safe sai ki ga aiki."

Ta gyaɗa kai. Ni kuwa daɗi nake ji Kaka tana tambayata abu, ita da kullum take koya mini. Ban tambayi wace mata ce ba. Ban ce a kai ta asibiti ba. Na sayi ayaba na wuce gida.

A gida na tarar da Mma tana tace ƙullu. Yanzu in na tuna, komai yana gabana a fili. A gefen kujera take zaune, ba a tsakiya ba. Kafin in gama cin abinci ta sha ruwa kofi uku, ta zaga bayi sau biyu. Zanenta ya yi mata yawa. A kan taga akwai fankon takardun kafso da aka tara a gwangwanin madara, na gan su da idona, na ɗauka na maƙwabciya ne. A babin farko na aikina na rubuta shafi guda a kan matan da ke sayen kafson nan ɗai-ɗai ba tare da gwaji ba har ƙwayar ta saba da shi. Na rubuta shi da Turanci mai kyau, malamata ta yaba.

Mako uku ban zo gida ba, ina sake gwajin. Ran da na dawo, tun daga inda turoturo ya ajiye ni na ga teburin Mma a kife a jikin bango, tukunyar koko babu. Ƙarfe takwas na safe ne, lokacin da layi kan kai bakin kwata. Mai shayin da ke kusa ya ce kwana biyar ke nan Hajiya ba ta fito ba.

Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinmu, ranar kasuwa ce amma tana gida. Kusa da kurfoti, murhunmu na gawayi, inda toka ke da sauran ɗumi, akwai farantin tangaran ɗin da ake zuba wa baƙi cincin da sallah, an kife shi da wani. Na buɗe. Wani abu ne baƙi-baƙi mai kauri kamar kwaɓin lalle, ƙanshin kanumfari ya bugi idona har ya kawo ruwa. A gefe ga ɓawon kafso guda huɗu da aka ɓare aka juye garinsu.

"Kaka, mene ne wannan?"

"Haɗinku ne."

"Na wa?"

Ta dubi labulen ɗaki.

Na ajiye jakata a ƙasa. Na tambaye ta yaya ake amfani da shi, ta ce matsi ake yi, safe da yamma. Ta ce ta daka kanumfari mai kyau, ta ƙara da mansa da ta sayo wajen wani mai turare a Zongo Lane don ya fi ƙarfi, ta juye kafso a kai, ta bar shi ya kwana a wuri mai ɗumi, yadda na faɗa. Ranar farko Mma ta ce yana da zafi, Kaka ta ce magani ne yake cin cuta. Rana ta uku ba ta iya tsayuwa a bakin tukunya ba. Yanzu ko fitsari sai ta ciji zane.

"Ke kika ce ya mutu," in ji Kaka. Ba faɗa take yi ba, tambaya ce.

"A faranti, Kaka."

"To a me na haɗa?"

Duk abin da ta yi, daga bakina ta ji shi. Na sha yi mata bayani a raina daga baya, cewa a farantinmu cutar ce a ciki, ba mutum, cewa faranti ba shi da fata, ba ya ƙuna, cewa abin da ta kwaɓa ya ninka abin da nake ɗigawa sau da ban iya lissafawa ba. A lokacin dai cewa kawai na yi, "Sai mun je asibiti yanzu."

Na ɗaga labule. Mma tana kwance ta ba ƙofa baya, ta lulluɓa da mayafi duk da zafin ɗakin. Na gaishe ta, ta amsa da hanci. Kaka ta shigo ta zauna a bakin gado.

"Kaka, ki ce mata ta tashi mu je asibiti."

Kaka ta juya wajen Mma. "Kin ji abin da likitar faranti ta ce."

Mma ta yi magana tana fuskantar bango. "A gaya wa mai makaranta ta je ta yi karatunta. Zazzaɓi ne, ya kusa sauka."

"Kaka, ki ce mata ba zazzaɓi ba ne."

"Ni na gaji da aike," in ji Kaka. "Ga ki ga ta."

Shekarata ashirin da uku a lokacin, ban taɓa zama a gadon Mma tana kai ba. Na zauna. Ban san inda zan sa idona ba, sai na sa shi a kan ƙafarta, diddigen duk ya tsage. Na ce, "Mma, na san abin da ke damunki. Abin da aka sa miki ya ƙona ki, kuma ni na jawo. In ya kwana biyu a haka zai iya zama gyambo. Don Allah ki tashi."

A tsakar gida wata tana wanke-wanke, rediyonta yana wa'azi da yaren Tuwi. Na ga kafaɗar Mma tana motsi, na gane kuka take yi, kuma na gane ba na ciwo ba ne, na cewa na sani ne. Da zan iya mayar da maganar cikin bakina don in bar mata wannan suturar, da na so, amma da ba ta tashi ba.

Can ta ce, har yanzu ga bango, "A miƙo mini hijabi."

Tasi muka ɗauka, don ba za ta iya hawa turoturo ba. Ta zauna a karkace, ta riƙe kujerar gaba, duk ramin da muka faɗa sai ta runtse ido. A asibiti muka yi awa uku a benci. Da aka kira ta, na miƙe zan bi ta, sai ta ɗaga mini hannu ba tare da ta juyo ba. Na koma na zauna kusa da Kaka, wadda ta ƙulle farantin a leda ta ɗora a cinya, don na ce a zo da shi.

Bayan ɗan lokaci wata nas ta leƙo, 'yar arewa ce, Hausarta irin ta zango.

"Wane ne ɗiyanshi? Likita yana kira. Mamanki ya ce magani ne na makaranta."

Na karɓi ledar na shiga. An ja labule tsakanina da gadon da Mma take. Likitar mace ce, ba ta jin Hausa. Ta buɗe farantin ta sunsuna, ta kawar da kai, ta tambaye ni da Turanci me ke ciki. Na lissafa mata. Ta tambayi wa ya ba da wannan shawara. Na ce ni ce. Na gaya mata abin da nake karanta da aikin da nake yi, ina jin kalmomin da nake alfahari da su suna fita daga bakina kamar na wani. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Kin san bambancin faranti da mutum." Na ce na sani. Ta ce, "Su ba ki gaya musu ba." Sannan ta juya ga takardunta.

An ɗebi jinin yatsan Mma, aka ce suga ya hau sosai, kuma da alama ya daɗe. Shi ne yake ciyar da ƙwayar, shi ya sa take dawowa. Babu wanda ya taɓa auna ta, don shekara biyu kemis take aikawa, kafso ɗaya yau, ɗaya bayan wata. Aka wanke ƙunar, aka ba da abin shafawa, aka ɗauki samfur za a shuka a ga wace iri ce. Likitar ta ce ba za a fara maganin sanyin ba sai fatar ta warke. Nas ta fassara wa Mma a bayan labule, ni ina jin komai, Mma kuma ta san ina ji.

A hanyar komawa, da muka zo mahaɗar Kawukudi, mota ta tsaya cak a cunkoso. Kaka ta ce a hankali, kamar da kanta take, "Man nan ne ya yi yawa. Da garin kaɗai na sa." Na buɗe baki zan ce ba haka ba ne, sai na tuna Mma tana ji, na bar maganar sai mun je gida. Washegari na same ta ita kaɗai na yi mata bayanin duka, tun daga farko, a hankali. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "To in ba za a ba mutum ba, me ya sa kuke yi?" Na ce wata rana za a ba, bayan an gwada a kan wasu abubuwa da yawa, an san awon da ba ya cutarwa. Ta ce yaushe. Na ce ban sani ba, wataƙila shekaru. Ta ce matan da ke tsugunawa gaban teburinta ba shekaru suke tambayarta ba. Na roƙe ta kada ta haɗa wa kowa. Ta ce ba ta haɗa ba, ba za ta haɗa ba, 'yarta kaɗai ta yi wa don ta fi kowa a wajenta.

Ban koma makaranta ba sai bayan kwana goma. Ni nake dafa ruwan ɗumi in ajiye a ƙofar bayi in bar wurin. Ni nake ƙirga ƙwayoyin suga in sa a murfin kofi. Sakamakon shukar ya fito, irin ƙwayar da kafson ba ya yi wa komai ce, irin wadda nake shafawa a farantaina da safar hannu. Aka ba ta wani magani dabam na mako biyu.

Na gama aikin. Gwajin ya fito daidai duk sau ukun, da'irar ba ta canja ba. A shafin ƙarshe kowa yakan rubuta layi ɗaya cewa ana buƙatar ƙarin bincike kafin a yi amfani da shi a jikin mutum. Ni na rubuta sakin layi uku, na yi bayanin yadda man kanumfari ke ƙona fata mai laushi. Malamata ta ja jan biro a kan biyu, ta ce ba na cikin abin da na gwada. Gaskiyarta ce. Ban gaya mata dalili ba. Na samu maki mai kyau, da aka kira sunana ana tafi, ni warin farantin tangaran nake ji.

Mma ta yi wata ɗaya da rabi kafin ta koma bakin titi. Wasu masu sayen kokonta sun saba da wata a gaba, wasu sun dawo. Ƙunar ta warke, amma nas ta gaya mini ta bar tabo, kuma in ta daɗe a tsaye kusa da wuta yana damunta. Ita ba ta taɓa faɗa ba, sai dai na ga ta sa kujera a bayan tebur, ita da ta shekara ashirin tana kwasar koko a tsaye. Sanyin ya tafi bayan maganin mako biyun. Ya dawo da azumi, lokacin da sugan ya sake hawa, aka sake magani, ya tafi. Likitar ta ce irin wannan haka yake, sai an yi ta lura, kuma ba ta yi mana alkawarin komai ba.

Yanzu wata huɗu ke nan bai dawo ba. Ina hidimar ƙasa a wani ɗakin gwaji, ina kwana a gida. Kowace safiya kafin ta ɗora tukunya nakan soki yatsanta in auna, ta miƙo hannun tana kallon wani wuri, in faɗi lambar da ƙarfi, in rubuta a littafi. Yau ta ɗan haura yadda ake so. Talata mai zuwa ce ranar komawarmu asibiti, za a sake ɗaukar samfur.